Yadda ake gane ko kantar kicin gyara take so, ko sabunta fuska, ko canji

Galibi ba a tuna gyaran kantar kicin sai ranar da ido ya fara ganin muni: shatin gindin tukunya mai zafi, ko tabon da ya ƙi fita, ko kusurwar da ta ɓalgace. Amma ɓarnar da ta fi muni a ido ba ita ta fi cutarwa ba. Baƙin shatin tukunya yana iya yin shekaru a wurinsa bai ƙaru ba, alhali ɗan layin da ya buɗe a bakin sinki, wanda sai an sunkuya ake ganinsa, yana nan yana shayar da katakon ciki ruwa kullum har ya ruɓe. Saboda haka tambaya ɗaya za ka riƙe tun daga farkon bincike har ƙarshensa: ɓarnar nan a fuska ta tsaya, ko ta ratsa ciki? In a fuska take kuma wuri ɗaya, faci ya isa. In a fuska take amma ta bazu ko'ina, sai a sabunta fuskar gaba ɗaya. In kuwa cikin ya taɓu, duk kwalliyar da aka yi a sama asarar kuɗi ce.

Mataki na ɗaya: kwashe kaya, wanke, ka san da me aka yi ta

Sauke komai daga kan kantar, har abubuwan da suka daɗe ba a ɗaga su ba, domin ƙarƙashinsu ne laima ke kwana. Wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka goge, ka bar ta ta bushe sarai. Sau da yawa abin da ake zaton lalacewa ce, maiƙo ne da ya daskare ko farin gishirin da ruwa ke bari bayan ya bushe.

Daga nan sai ka tabbatar da irin kantar, don maganin wata dafi ne ga wata. Wurin da ya fi nuna gaskiya shi ne bakin ramin da aka yanka aka saka sinki, idan ka leƙa shi ta ƙasa. In ka ga siririn ɓawo mai kaurin kamar milimita 1 an manna shi a kan katakon da aka yi da matsattsen garin katako, to fomika ce. Sunan ya samo asali daga kamfanin Formica da aka kafa a Amurka a 1913, kuma ɓawon nan takardu ne da aka jiƙa da roba aka matse da zafi. In jijiyoyin itace sun ratsa daga sama har ƙasa, katako ne zalla. Giranit da mabul, waɗanda duwatsun halitta ne, suna da sanyi a tafin hannu, kaurinsu yawanci milimita 20 ko 30, ƙasansu kuma da kaushi. Dutsen haɗi da ake kira kwaz ya fi su daidaituwar zane, domin garin dutse ne kimanin kashi 90 cikin 100, sauran roba ce da launi. Akwai kuma irin su Corian, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1967: ba shi da sanyin dutse, ba a ganin mahaɗarsa, kuma launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Tayil da siminti da ƙarfe mara tsatsa ba sa ɓuya.

Mataki na biyu: fara da ƙasa

Nan ne mutane suka fi tsallakewa, kuma nan ne hukuncin yake. Buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki, fitar da duk abin da ke ciki, ka ɗauki tocila ka kwanta rigingine ka dubi bayan kantar. Kafin ido ya ga komai hanci zai gaya maka: warin rima ko na fumfuna alama ce cewa ruwa ya daɗe yana shiga.

Bi da tocilar kewayen sinki, da gindin famfo, da inda kanta ta haɗu da bango, da duk inda aka haɗa falle biyu. Kana neman shatin ruwa mai launin ƙasa, ko baƙin fumfuna, ko wurin da ya kumbura. Sai ka ɗauki sukudireba ka danna bakinta a hankali a kan katakon. Lafiyayyen katako zai ƙi ta. Wanda ya sha ruwa zai lotsa, wani lokaci ma ya marmashe ya zubo maka a fuska kamar dusa. Ka danna wurare da dama, kana matsawa daga sinki zuwa waje, har ka gano inda laushin ya ƙare, ka yi alama da fensir. Faɗin wannan alamar ne zai nuna ko ɓangare ɗaya za a yanke ko fallen duka ya tafi.

Ka san wani abu game da katakon garin katako: in ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake ko da ya bushe. Ruwan ya riga ya warware gam ɗin da ke riƙe da garin. Duk wanda ya ce maka zai danne shi da nauyi ya koma, ko zai cika shi da gam ya shafe, yana jinkirta maka aikin ne kawai.

In ba ka ga daga ina ruwan ke fitowa ba, shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasan kabad, ka naɗa wata a mahaɗun bututu. Cika sinkin, ka sake shi lokaci ɗaya, sannan ka zuba ruwa kaɗan a kewayen bakinsa ta sama. Inda takardar ta jiƙe, nan ne ƙofar. Mai injin wanke kwanuka ya duba saman ƙofar injin, domin tururin da ke fita in an buɗe shi da zafi yana bugun ƙasan kantar daidai nan. Ka kuma duba ko akwai hanyar gara ko garin da ƙwaron katako ke zubarwa. In akwai, maganar ta wuce kanta, ta shafi kabad ɗin da ke ɗauke da ita.

Mataki na uku: tocila, farce da cokalin ruwa

Yanzu ka dawo sama. Kashe fitila, ka kwantar da tocila a kan kantar yadda haskenta zai bi fuskar a kwance. Duk wani tudu, da kwari, da karce, da wurin da sheƙi ya mutu, zai fito da inuwarsa. A fomika, ƙaramin tudu kusa da mahaɗa ko bakin sinki shi ne kumburin da ka gani a ƙasa yana leƙowa.

Duk layin da ka gani, ja farcenka ka ratsa shi. In farcen ya wuce sumul, karcen na sama ne. In ya maƙale, ya yi zurfi. In kuma ka ji gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, tsagewa ce ta gaske, kuma wani abu a ƙasa ya motsa. Wannan gwajin yana da amfani ƙwarai a giranit, saboda dutsen yana zuwa da jijiyoyinsa na halitta masu kama da tsaga, waɗanda farce ba ya kamawa kuma ba sa buƙatar komai. In kana shakka, yi ɗigo da fensir a kan iyakar layin ta kowane ɓangare, ka rubuta kwanan wata a wani wuri, ka sake dubawa bayan mako biyu ko uku. Layin da ya wuce ɗigon yana tafiya, kuma tsagar da ke tafiya ba a cika ta sai an gano abin da ke tura ta.

Sai gwajin ruwa, ga dutse da katako da siminti. Zuba cokali ɗaya a wurin da aka fi aiki, wani cokalin a lungun da ba a taɓawa, ka jira minti 10 zuwa 15, ka goge. In wurin ya yi duhu, dutsen ya sha, wato maganin toshe ƙofofinsa ya ƙare. A katako, in ruwan ya dunƙule ya tsaya, man da aka shafa yana nan. In ya baje ya nutse, katakon tsirara yake. Wannan ba lalacewa ba ce tukuna, kuma sake shafa maganin ko man shi ne gyara mafi sauƙi a duk jerin.

Ga tayil, ƙwanƙwasa kowanne da bayan cokali. Mai lafiya ƙararsa a toshe take, wanda ya saki daga simintinsa kuwa yana amsawa kamar fanko.

Mataki na huɗu: duba ko kantar na zaune daidai

Ɗora lebul ko miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da a kwance, ka ga ko haske na wucewa ta ƙarƙashinsa. Danna gefuna da tafin hannu ka ji ko tana motsi. Masu girka dutse ba sa son bambancin tudu ya wuce milimita 3 a tsawon mita 3, domin dutse ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Haka kuma bakin da ya zarce kabad ba tare da madogara ba: a giranit mai kaurin milimita 30 bai kamata ya wuce kamar santimita 25 ba, a mai milimita 20 kuwa kamar 15. In ƙafar kabad ta ruɓe ko ta nutse, can za a fara.

Mataki na biyar: yanke hukunci gwargwadon irin kantar

Fomika ba a goge ta da samfefa. Zanen nan da kake gani takarda ce guda ɗaya, in ka cinye ta sai launin ƙasa ya fito, kuma ba ya komawa. Don haka abin da ake iya yi mata kaɗan ne, amma yana aiki in cikin lafiya yake. Ƙaramin ɓalgace ko karce mai zurfi ana cika shi da manna mai launi da ake sayarwa don fomika. Gefen da ya ɗago, in katakon ƙarƙashinsa a bushe yake da ƙarfi, sai a kankare tsohon gam, a shafa gam irin Evo-Stik a fuskokin biyu, a jira ya daina kama yatsa, a haɗa a danne sosai. Wani lokaci ɗora ƙyalle a bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi yana farfaɗo da tsohon gam ɗin. Ƙunar da ta yi bororo ba ta gyaruwa, sai dai kafinta ya yanke wurin ya dasa farantin ƙarfe ko na gilashi mai jure zafi, ya zama wurin sauke tukunya. In fuskar duka ta koɗe amma sukudireba ba ta sami laushi ko'ina ba, ana iya manna sabuwar fomika a kan tsohuwar. In ta sami laushi, a canza fallen.

Katako zalla shi ne ya fi yafiya, kuma ina ganin an fi zaluntarsa, don ana cire kantar da aikin yini ɗaya zai dawo da ita sabuwa. Karce, da tabo, da ƙuna mara zurfi duk suna fita da samfefa. Fara da lamba 120, in ɓarnar ta yi zurfi 80, sannan 180, ka ƙare da 240, kullum kana bin jijiyar itacen. Kada ka tsaya kana haƙar wuri ɗaya, ka faɗaɗa gugar, in ba haka ba za ka bar kwarin da ruwa zai riƙa taruwa. Wurin da abu mai nauyi ya faɗa ya lotsa, ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ka danna dutsen guga, tururin yakan ɗago shi. Baƙin da ke fitowa a gindin famfo ko inda aka ajiye jiƙaƙƙen gwangwani, musamman a itacen oak, haɗuwar ƙarfe ce da wani sinadari na cikin itacen, kuma sinadarin oksalik asid yana cire shi. A sa safar hannu, a wanke wurin sosai bayan an gama. In baƙin ya zo da laushi, wannan ruɓa ce, sai a yanke. Bayan guga, shafa man katako da aka yi don wurin abinci, siriri, ka goge rarar bayan kamar minti 15, ka bari ya bushe, ka maimaita sau biyu ko uku. Man girki bai dace ba, yana yin ɗoyi. Tsumman da ka shafa mai da shi kada ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara: wasu mayukan, irin na linsid, suna ɗaukar zafi da kansu har su kama wuta. Ka shanya shi a baje ko ka nutsa shi a ruwa. Kafin duk wannan ka tabbata katakon zalla ne, domin akwai wanda siririn ɓawon itace ne kawai aka manna a sama, samfefa na huda shi nan da nan.

A dutse, ka fara raba tabo da cin asid. Tabo ya fi dutsen duhu, wani abu ne ya shiga ciki. Cin asid ya fi dutsen haske kuma ba sheƙi, fuskar ce aka cinye. Mabul ne ke fama da na biyun, domin asalinsa dutsen alli ne, ruwan lemon tsami ko khal na narkar da shi cikin mintuna, kuma maganin toshe ƙofofi ba ya hana wannan. Ƙaramin wuri ana dawo da sheƙinsa da garin goge mabul. In ya bazu, sai mai aikin dutse ya bi fuskar duka da faifan daimon. Tabon mai kuwa janyo shi ake yi: kwaɓa garin soda na girki (baking soda) da ruwa ya yi kauri, shafa a wurin, rufe da leda ka manne gefunan, ka bari kwana ɗaya zuwa biyu, ka buɗe ya bushe, ka kankare. Yakan buƙaci maimaici. Ɓalgacen baki ana cika shi da gam mai haɗi biyu irin Araldite da aka rina da launin dutsen, in ya bushe a aske rarar da reza. In guntun da ya fita yana hannunka, adana shi, ya fi kowane ciko dacewa.

Akwai tsaga ɗaya da ya kamata ka sani: wadda ke bin tsawon siririn dutsen da ke gaban sinki ko bayansa, wani lokaci da jan shati. Wasu masu aikin sukan binne sandar ƙarfe a ƙasan wurin don ƙara masa ƙarfi. In ruwa ya kai ga sandar ta yi tsatsa, sai ta kumbura ta fasa dutsen daga ciki. Cika ta sama ba ya tsayar da ita, dole a ciro sandar, kuma aikin gwani ne.

Kwaz ba ya shan ruwa, don haka ba ya buƙatar maganin toshewa, amma robar da ke cikinsa ba ta son zafi. Daga wajen digiri 150 na ma'aunin Salshiyas tana iya ƙonewa ta bar shati rawaya ko fari, kuma shatin a jikinsa yake, sabulu ba ya fitar da shi. Goge shi da inji ma da wuya ya dawo da sheƙin masana'anta, sai wurin ya fita daban. Corian da ire-irensa akasin haka ne: ana goge su da samfefa mai laushi, ana ma yanke wurin da ya lalace a dasa wani ba a gane ba.

A tayil, in simintin tsakani ne ya baƙanta ko ya zube, a kankare shi zurfin milimita 3 ko fiye a cika sabo. Tayil ɗaya ko biyu da suka fashe ana cire su a sa wasu. Amma in tsaga ɗaya ta ratsa tayil da yawa a jere, daɓen da ke ƙasa ne ya tsage, in kuma masu ƙarar fanko sun yi yawa, a ɗaye duka. Ƙarfe mara tsatsa kuwa karcensa ado ne kawai ya rage, ana bin sa da soso mai laushi ta inda layukansa suka nufa. A nisanta shi da bilic da soson ƙarfe, su ke jawo masa ɗigon tsatsa.

Mataki na shida: toshe ƙofar ruwan kafin komai

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a kantar kicin tsagar nan yawanci silikon ce da ta tsufa, wato gam mai laushi da ake toshe bakin sinki da mahaɗar bango da shi. In ta baƙanta, ko ta saki, ko tana ɓarewa in ka ja ta, yanke ta duka da reza, domin sabuwa ba ta kama tsohuwa. Goge wurin, ka bar shi ya bushe sarai, ko da zai kwana. Manna salatif a gefe biyu, matsa silikon a layi ɗaya ba yankewa, shafe da jiƙaƙƙen yatsa, ka cire salatif ɗin tun tana ɗanya. Kada ruwa ya taɓa ta sai bayan awa 24. A kan mabul da sauran dutsen halitta, guji silikon mai warin khal, ka nemi wadda aka rubuta ta dace da dutse. In yoyon daga famfo ne ko bututu, a kira mai gyaran famfo tun kafin kafinta ya zo.

Mataki na bakwai: in sabunta fuska za a yi

Sabuntawa iri biyu ce. Akwai wadda ake cire saman da ya gaji a fito da lafiyayyen da ke ƙasa, kamar gugar katako da dutse da Corian, kuma wannan tana daɗewa. Akwai wadda ake rufe tsohuwar fuska da wani abu: fenti, ko ledar mannawa, ko ruwan ifoksi da ake zubawa ya daskare, ko siririn fallen dutse. Fenti da leda suna gyara gani, amma ba sa jure wuƙa ko gindin tukunya, kuma daga bakin sinki suke fara ɓarewa. Ifoksi ya fi su ƙarfi, sai dai yana son kamar mako guda kafin ya gama ƙanƙamewa, kuma hasken rana na sa shi rawaya a hankali. Ban hana kowa su ba, musamman wanda ke son ya ja lokaci kafin babban aiki, amma ya shiga da sanin abin da ya saya. Fallen da ake ɗorawa a sama yana ƙara tudu, don haka sai an ciro sinki da murhu an sake zaunar da su. Murhun gas ko na lantarki kuma ba a ɗaga shi sai an rufe gas an kashe wuta, kuma wanda ya san aikin ne zai mayar.

Ga wanda za a yi wa yanka ko gugar dutse a gida, maganar ƙura ba abin wasa ba ce. Ƙurar giranit, da ta kwaz musamman, tana ɗauke da silika, wadda in ta shiga huhu take haddasa cutar silikosis da ba ta warkewa. Yawan masu aikin da suka kamu ne ya sa Ostireliya ta haramta dutsen haɗi daga 1 ga Yuli, 2024. Kantar da ke zaune a wurinta ba ta cutar da kowa, yanka ta a bushe ne matsalar. Ka dage a yi aikin da ruwa ko da injin zuƙe ƙura, mai aikin ya sa takunkumin da ya dace, a fitar da abinci da kwanuka, a kuma goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Duk mai gyaran da ka kira, ka lura ko ya buɗe kabad ya leƙa ƙasa kafin ya faɗi abin da zai yi. Nuna masa alamomin fensir ɗinka, ka tambaye shi me ya jawo ɓarnar da yadda zai hana ta dawowa, da kwana nawa za a jira kafin a ɗora kaya. In sabon falle za a saka, ka sa a shafe duk bakin da aka yanka da silikon ko fenti mai hana ruwa kafin a zaunar da sinki, sannan ka karɓi guntun da aka yanke daga ramin sinkin da ragowar tayil ka ajiye don faci na gaba. Bayan mako guda da gama aiki, sake shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasan kabad, ka cika sinkin ka sake shi, ka duba.